Unguwar Hill a Pittsburgh, inda na kalli uba yana hassadar ɗansa

Duk wanda ya sauka a filin jirgin Pittsburgh a Amurka in zai shiga gari sai ya bi ta wata hanya da aka fafe a cikin dutse, Fort Pitt ake ce mata. Kana ciki ba abin da kake gani sai fitilu da bayan motar gabanka, kana fitowa kawai sai ga gari gaba ɗaya a gabanka, dogayen benaye, gadoji masu ruwan ɗorawa ta ko'ina, ga kogin Allegheny da na Monongahela sun haɗu sun zama kogin Ohio. Ƙanina ne ya ɗauko ni, ya daɗe a garin yana aiki, ni kuma barka na zo matarsa ta haihu. Yace Yaya ka kalli nan da kyau, wannan shi ne wanda ake bugawa a hoto, amma akwai wata unguwa a kan tudun can bayan benayen, sai ka je ta tukunna zaka ce ka zo Pittsburgh.

Unguwar ita ce Hill. Daga tsakiyar gari da ƙafa ma zaka iya zuwa in kana da ƙarfin hawa, don hawan ba na wasa ba ne. Abin da ka fara tararwa kafin ka kai gidajen mutane wani makeken fili ne, wani ɓangaren ana fakin motoci wani ɓangaren ana sabbin gine-gine, ba zaka taɓa cewa nan unguwa ce cike da jama'a a da ba. Toh amma nan ne asalin cibiyar. Tun wajen shekarun 1910 baƙaƙen fata suka fara baro jihohin kudancin Amurka suna gudun noman bashi da kisan gilla da wulaƙanci, kusan mutum miliyan 6 ne suka yi wannan ƙaura zuwa 1970, waɗanda suka nufo Pittsburgh kamfanonin ƙarfe ne suka jawo su. Da suka zo ba ko'ina ake ba su haya ba, sai a Hill, inda dama Yahudawa da 'yan Italiya da Larabawan Sham suke zaune a cunkushe. A hakan suka gina rayuwa. Titin Wylie ya cika da shaguna da gidajen aski da gidajen kiɗa irin su Crawford Grill, ga jaridarsu Pittsburgh Courier da ake karantawa a faɗin ƙasar, ga mai hotonta Teenie Harris wanda ya bar hotuna sama da 70,000 da yanzu suke ajiye a gidan tarihin Carnegie. Na ga wasu daga cikin hotunan, mata da hulunan zuwa coci, yara a bakin famfo, maza sun fito daga aiki baƙi ƙirin da hayaƙi.

A 1956 hukumar gari ta sa katafila ta fara rushe ƙasan unguwar da sunan gyaran birni. Mutum kusan 8,000 aka tasa, da wuraren sana'a sama da 400, aka gina wani katafaren zauren wasanni mai suna Civic Arena da aka buɗe a 1961. Shi ma zauren zuwa 2012 an gama rushe shi. Wato an watsa mutane dubu takwas saboda ginin da bai wuce shekara 50 a tsaye ba, wallahi ina tsaye a wurin raina ya ɓaci. A mahaɗar titin Centre da Crawford akwai wani dandali da ake kira Freedom Corner, nan ne mutanen unguwa suka kafa allo suka ce rusau ya tsaya daga nan, ba za a ƙara gaba ba, kuma har yau in za a yi zanga-zanga daga nan ake tashi.

Ranar Juma'a a kan titin Wylie ɗin muka yi sallah, a masallacin da ake kira Al-Masjid Al-Awwal, wanda baƙaƙen fatar garin suka assasa tun 1932, yana cikin mafiya daɗewa da 'yan ƙasa suka kafa da kansu a Amurka. Bayan an idar ƙanina ya haɗa ni da wani dattijo haifaffen unguwar, mai farin gemu, yana dogara sanda. Da ya ji daga Najeriya nake sai ya riƙe hannuna bai saki ba, yana ta ɗan'uwa kaza ɗan'uwa kaza. Yace shi kabu-kabu ya yi shekaru da yawa, irin wanda ba rajista, don a zamaninsu ko ka kira tasi ba za ta hawo Hill ba, sai mutanen unguwa suka riƙa amfani da motocinsu, a kama wani ɗan shago a sa tarho a bango, wanda layi ya zo kansa ya ɗauka. Yace ai August ya rubuta wasa guda a kanmu. August Wilson yake nufi, marubucin wasan kwaikwayo ɗan unguwar, amma haka ya kira shi, August, kamar yaron gidansu. Sannan yace in har ban je gidan da August ya taso a titin Bedford ba kuma ban kalli ko wasa ɗaya ba, toh in koma gida in ce ban ga komai ba.

Gidan lamba 1727 ne a titin Bedford, ginin jan bulo mai hawa, an gyara shi an buɗe wa jama'a a 2022. Amma kada girman ginin ya ruɗe ka, su a baya suka zauna, ɗakuna biyu a bayan wani shagon kayan masarufi, uwa da 'ya'yanta, su shida ta haifa. An haifi August Wilson ranar 27 ga Afrilu 1945, sunansa na yanka Frederick August Kittel, babansa Bature ne mai gashin burodi daga ƙasashen masu jin Jamusanci wanda zamansa a gidan kaɗan ne, uwarsa Daisy Wilson kuma aikatau take yi, share-share da goge-goge a gidajen mutane. Da ya girma sai ya ajiye sunan uban ya ɗauki na uwar. Yana ɗan shekara 15 ya bar makaranta saboda wani malami ya ƙi yarda shi ya rubuta wata maƙala mai shafi 20 a kan Napoleon, yace kwafa ya yi. Daga nan kullum da safe sai ya fita kamar zai je makaranta ya wuce laburaren Carnegie ya yini yana karatu, sauran ilimin kuma a shagunan sayar da sigari da gidajen abinci ya samo shi, yana zaune yana sauraren tsofaffi suna musu.

Akwai wani labari na mahaifiyarsa da shi da kansa ya sha bayarwa. Ta ci wata gasa a rediyo, kyautar sabon injin wanki ne, da suka gano baƙar fata ce sai suka ce za su ba ta takarda ta je ta karɓi tsoho na gwanjo. Matar da ke wanki da hannu, ga yara birjik, ta ce ba ta so, su riƙe kayansu. Maƙwabta suna ta ce mata ai da babu gara ba daɗi, ita kuma ta kafe. Na tsaya a ɗan tsakar gidan na baya ina tuna wannan, wurin ƙarami ne sosai, taku kaɗan ka kai bango.

Wasanni goma ya rubuta a jere, kowanne na wakiltar shekara goma daga cikin ƙarni na 20, tara a ciki duk a nan Hill labarinsu yake faruwa, ɗaya ne kawai a Shikago. Sau biyu ya ci lambar Pulitzer, babbar lambar yabon marubuta a Amurka, 1987 da 1990. Ya rasu 2 ga Oktoba 2005 a Seattle, aka kawo shi gida Pittsburgh aka binne.

Toh wasan da muka samu ana yi a lokacin shi ne Fences, wato shinge, wanda aka fara nunawa a gidan wasan jami'ar Yale a 1985 kuma ya hau Broadway, wato manyan gidajen wasan daɓe na New York, a 1987 da ɗan wasa James Earl Jones. Wasu zasu san shi ta fim ɗin da Denzel Washington ya yi a 2016 shi da Viola Davis, a nan unguwar ma aka ɗauka. Mu kuma wata 'yar ƙaramar ƙungiyar 'yan wasan daɓe muka kalla, a wani ɗan zaure da kujerunsa ba su da yawa, kana jin numfashin ɗan wasa in ya matso. Mu uku muka je, ni da ƙanina da matarsa, wata maƙwabciya ta riƙe musu jaririn. A kan dandamalin ba komai sai barandar wani tsohon gida, bishiya da aka rataye ƙwallon tsumma a jikinta, da katakai a jibge na shingen da ba a gama ba. Duk wasan a wannan tsakar gidan yake ƙarewa.

Shekarar 1957 ce, ranar Juma'a da yamma, ranar albashi. Troy Maxson, ɗan shekara 53, ma'aikacin kwasar shara, ya dawo shi da amininsa Bono suna shan abin shansu suna raha. Mutum ne mai faɗi, mai baki, in yana ba da labari sai ka manta da kanka, har labarin yadda ya yi kokawa da mutuwa kwana uku yake bayarwa matarsa Rose tana cewa ƙarya yake, ciwon huhu ne ya kwantar da shi a asibiti. Minti goma na farko duk zauren dariya ake. Kuma mutanen nan ba shiru suke kallo ba, amsawa suke kamar 'yan amshi a gaban mawaƙi, wata tsohuwa a bayana duk maganar da ta shige ta sai ta yi gyaran murya tace gaya masa dai.

Abin da ya fara kama ni lissafi ne. Marubucin nan ya san kuɗin talaka dalla-dalla. Albashin Troy na sati dala 76 da santi 42, a ambulan yake miƙa wa Rose gaba ɗaya ta mayar masa da dala 6. Babban ɗansa Lyons, na wata matar ta farko, makaɗi ne da ba shi da tsayayyen aiki, ba ya zuwa gidan sai ranar albashi ya ce a ranta masa dala 10, uban ya yi ta gori kafin a bayar. Ƙaramin, Cory, ya ce Baba me zai hana mu sayi talabijin, dala 200 ce kawai, uban ya ce masa ka san rufin gidan nan ya fi shekara goma ba a shafa masa kwalta ba, kuma gyaransa dala 264, toh in kana da ɗari biyu a hannu wanne zaka yi. Duk magidancin da ya taɓa zama da biro yana raba albashin da bai kai ba ya san wannan maganar, ba sai an fassara masa ba. Shi kansa gidan ba da guminsa ya saya ba. Ƙaninsa Gabriel ya je yaƙin duniya na biyu aka fasa masa kai aka sa masa ƙarfe, ya dawo da taɓin hankali yana yawo da tsohon ƙaho a wuya yana cewa shi ne mala'ikan da zai busa a buɗe ƙofar aljanna, gwamnati ta ba shi dala 3,000, da kuɗin nan Troy ya samu rufin asiri. Kuma ya sani, abin yana cinsa, da bakinsa yake faɗa cewa shekara hamsin da uku in ba don an fasa wa ɗan'uwansa kai ba da ba shi da ko inda zai sa haƙarƙarinsa.

A wajen aiki kuma ya kai ƙara ga ƙungiyar ƙwadago, me ya sa Turawa ne kawai ke tuƙa motar shara baƙaƙe kuma su ne masu ɗaga bola a baya. Ya yi nasara aka ba shi tuƙi, alhali ko lasin ba shi da shi kuma bai iya karatu ba. Toh ka ga mutumin ba rago ba ne, ba matsoraci ba ne, shi ya sa abin da ya biyo baya ya fi ciwo.

Troy gwanin besbol ne na gaske, wasan da ake dukan ƙwallo da sanda, a ƙungiyoyin baƙaƙe, a lokacin da aka haramta musu shiga babbar gasa. A kurkuku ya koyi wasan, inda ya yi shekara 15 saboda ya kashe mutum garin fashi lokacin da ya zo arewa ba aiki ba wurin kwana. Sanda Jackie Robinson ya karya wannan katangar a 1947, shi Troy ya riga ya haura arba'in. Ƙofar ta buɗe bayan lokacinsa ya wuce. Yanzu ga ɗansa Cory ya iya ƙwallon Amurkawa, irin wadda ake runguma a ruga, har wata jami'a daga North Carolina za ta turo wakili a ba shi sikolashif, sa hannun uba kawai ake jira. Troy ya ce sam. Yace Bature ba zai bar ka ka kai ko'ina ba, ka koma shagon da kake aiki bayan makaranta, ka koyi gyaran mota ko gini, abin da ba mai ƙwace maka. In ka saurare shi zaka ce gaskiya ne, uba ne yake kare ɗansa daga abin da ya ƙona shi. Amma ɗan wasan da ya fito a Troy ɗin ya yi wani abu, duk sanda yaron ya ambaci sunan wani baƙar fata da ke tashe a babbar gasa irin su Hank Aaron, sai ka ga fuskarsa ta canza ya ce ai wannan ba komai ba ne shi ya fi shi. A nan ka gane akwai wani abu a ƙasan kariyar. Ƙarshe ya je ya samu kocin a bayan idon yaron ya ce a cire shi daga tim, wakilin jami'a kuma kada ya zo. Cory ya dawo yana huci ya ce masa kai dai tsoro kake kar na fi ka. Zauren nan ya yi tsit, tsohuwar bayana ma ba ta ce komai ba.

Ni abin da na gani hassada ce, kuma ba na jin akwai amfanin a sakaya. Mun saba jin hassada tsakanin 'yan uba, ko kishiyoyi, ko abokan kasuwa, amma uba ga ɗan cikinsa ba a cika yarda a faɗa ba, sai a ce tarbiyya ce, ko ya fi ka sanin duniya. Kuma wasan bai ce Troy mugu ba ne. Son ɗan da baƙin cikin ɗan duk suna cikin ƙirji ɗaya, shi kansa ba zai iya raba su ba. Akwai inda yaron ya tambaye shi me ya sa bai taɓa sonsa ba, uban ya tsayar da shi ya ce wace doka ce ta ce sai na so ka, ba ka ci ka ƙoshi ba, ba ka da wurin kwana, ba ka da sutura, ina yi ne don haƙƙinka ne a wuyana. Maganar tana da nauyi kuma rabinta gaskiya ne. Shi haka ya taso, babansa manomin auduga ne a gonar wani, kullum bashi ya cinye amfanin, 'ya'ya goma sha ɗaya, duka kamar na jaki, yana ɗan shekara 14 ya gudu ya taka da ƙafa har garin Mobile. A wajensa tunda bai gudu ya bar iyali ba kuma yana kawo cefane, ya gama komai. Yaron kuma ba abinci yake tambaya ba.

Sai kuma Rose. Ita ce ta matsa a yi shingen nan, Bono ne ya fahimtar da Troy cewa wasu suna shinge don kada a shigo wasu kuma don kada nasu su fita, matarka riƙe ku take son yi. Shi kuwa duk Asabar sai ya ajiye zarto ya ce zai je kallon wasa, ashe wajen wata mata yake zuwa mai suna Alberta, wadda ba a taɓa nuna ta a dandamali ba ko sau ɗaya. Ranar da ya zo ya gaya wa Rose cewa matar tana da cikinsa, hujjarsa ita ce a can yana samun ya yi dariya, ya manta da kuɗin rufi da nauyin gida, shekara goma sha takwas yana tsaye wuri ɗaya. 'Yar wasan da ta fito a Rose ba ta yi ihu da farko ba, a hankali ta fara, ta ce ai tare muke tsayen, ni ma ina da rai, ni ma ina da burina, na tattara duka na binne a jikinka ina jira ya tsiro duk da na daɗe da gane ƙasar tsandauri ce. Matar ƙanina tana gefena, na ji tana jan hanci. Alberta ta mutu wajen haihuwa, Troy ya shigo da jaririya a zani ya tsaya a baranda yana roƙo. Rose ta karɓa ta ce yarinya ba ta da laifi, daga yau ta samu uwa, kai kuma ba ka da mata. Zauren ya ɗauki tafi da sowa, wasu mata har miƙewa suka yi.

Daga nan gangara ce. Dama tun kafin a haifi jaririyar ya dangwala hannu a takardar da ta sa aka kulle Gabriel a asibitin mahaukata aka riƙa ba shi rabin kuɗinsa, yana rantsuwa bai san abin da ke ciki ba tunda bai iya karatu ba. Bono ya ja jiki. Suka yi faɗa da Cory da sandar besbol ya kore shi, yaron ya ce zai dawo ya kwashi kayansa, uban ya ce zaka same su a bayan shinge. Fitowa ta ƙarshe 1965 ce, ranar jana'izar Troy, Cory ya dawo da kakin sojan ruwa yana cewa ba zai je ba, Lyons an ba shi izini daga gidan yari, yarinyar Raynell ta kai shekara bakwai tana duba ɗan lambunta.

A mota musu ya kaure. Ƙanina ya ce shi fa yana tare da Troy a maganar yaron, a 1957 wa zai yarda da alƙawarin Bature, mutumin da aka yi wa abin da aka yi masa dole ya ga kowace ƙofa tarko ce. Matarsa ta ce Abban yara ka bar wannan maganar, in kariya ce me ya sa bai zauna da wakilin ya ji ta bakinsa ba, ai ilimin jami'a aka ce kyauta, ko ƙwallon ba ta yi ba takarda ta rage masa. Sannan ta juyo ta ce Yaya kai ka lura kuwa, kowa a gidan nan an tambaye shi abin da yake so ko ya faɗa da kansa, banda ita, sai da aka karya ta tukunna aka ji muryarta. Ta ce ita ba maganar wata macen ce ta fi ƙona mata rai ba, cewa da ya yi a can yake samun hutu, kamar ita wadda ke raba dala saba'in ɗin nan gida bakwai ba ta san gajiya ba. Na ce mata gaskiyarki. Ni a ganina zaluncin da aka yi wa Troy a waje gaskiya ne ɗari bisa ɗari, amma waɗanda suka yi masa ba su biya ko sisi ba, matarsa da ɗansa da ƙaninsa mara lafiya su suka biya, don su ne kawai hannunsa ke iya kaiwa. Ƙanina bai yarda duka ba, har muka isa gida yana cewa sai wanda aka rufe wa ƙofa a fuska ne zai gane.

Shi ne ma ya tuna min cewa wanda ya fara shirya wasan nan, Lloyd Richards, shi ne dai ya shirya na Lorraine Hansberry a 1959, A Raisin in the Sun, wasa na farko da baƙar mace ta rubuta da ya hau Broadway, inda iyali a Shikago ke rigima a kan dala 10,000 na inshorar mahaifinsu, har da wani ɗalibi Bayarabe ɗan Najeriya a ciki. Can ma kuɗi kaɗan ne, buri da yawa, ɗaki ya yi wa mutane kaɗan.

Kafin na bar garin mun leƙa Homestead, inda ɗaya daga cikin manyan kamfanonin ƙarfe yake kafin a rufe shi a 1986, yanzu shaguna ne da gidajen abinci, sai dogayen bututun hayaƙi da aka bari a jere. Garin da yake da mutum sama da 670,000 a 1950 yanzu bai fi 300,000 da 'yan kai ba. Ba mu daɗe ba, don inda na fi son zuwa maƙabartar Allegheny ce, saboda wata magana da Troy ya yi a farkon wasan, cewa ya ga 'yar Josh Gibson a titi da yagaggen takalmi.

Josh Gibson ba ƙirƙira ba ne, mutum ne na gaske da ya taso a Pittsburgh, ya buga wa ƙungiyoyin besbol na baƙaƙe Homestead Grays da Pittsburgh Crawfords, filin Crawfords ɗin ma a kan titin Bedford yake, an gina 1932 an rushe 1938. Waɗanda suka gan shi sun ce ba a yi mai dukan ƙwallo kamarsa ba. Ya rasu a Janairun 1947 yana da shekara 35, wata uku kafin Jackie Robinson ya shiga babbar gasa. Maƙabartar babba ce, tuddai da itatuwa da manyan kaburburan attajiran ƙarfe masu ginshiƙai, sai da muka bi alamu muka hau wani gangare kafin muka same shi, ɗan allo ne a ƙasa da sunansa da shekarunsa, kuma ko wannan ɗin sai 1975 aka sa, kafin nan kabarin ba alama. Masu ziyara sun ajiye ƙwallaye a gefe. A watan Mayun 2024 ne hukumar babbar gasar besbol ta Amurka ta haɗa alƙaluman ƙungiyoyin baƙaƙe cikin kundinta, da aka yi lissafi sai ga Josh Gibson ya zama na ɗaya a tarihin wasan gaba ɗaya wajen yawan dacewar duka, ya ture Ty Cobb daga kan matsayin, shekara 77 bayan an binne shi.